Guzaarish da Ɗakin Jinyar da Littattafanmu Ba Sa Shiga

Ranar 20 ga Yunin 2025 majalisar wakilan Birtaniya ta amince da ƙudurin da zai ba likita damar taimaka wa mai ciwon ajali ya kawo ƙarshen rayuwarsa. 'Yan majalisa 314 suka goyi baya, 291 suka ƙi, daga nan aka tura shi majalisar dattawansu. Kim Leadbeater ta jam'iyyar Labour ce ta gabatar da shi, kuma an kewaye shi da sharuɗɗa: mutum ya kai shekara 18, yana cikin hankalinsa, likitoci biyu su tabbatar cewa abin da ya rage masa bai wuce wata shida ba, wani kwamiti na mutum uku ya sake dubawa, sannan shi da hannunsa zai sha maganin. A ƙarshen watan Mayu, makonni kaɗan kafin nan, majalisar dokokin Faransa ta amince da irin nata. Holan da Beljiyam kuwa tun 2002 suke yi, Kanada tun 2016.

Duk lokacin da labari irin wannan ya iso wayoyinmu, amsarmu ɗaya ce: a yi salati, a ce Allah Ya tsare mu da rayuwar Turawa, a wuce zuwa labari na gaba. Ba ni da ja a kan hukuncin. Rai ba namu ba ne, kuma a kan haka nake. Abin da ke damuna shi ne saurin da muke wucewa da shi, kamar babu komai a cikin maganar da ya shafi gidajenmu.

Ga masu kallon finafinan Indiya, kuma muna da yawa, tambayar ta daɗe da shigo mana ɗaki. A watan Nuwamban 2010 Sanjay Leela Bhansali ya fitar da Guzaarish, wanda Hrithik Roshan da Aishwarya Rai suka fito a ciki. Ma'anar sunan ita ce roƙo ko koke. Ethan Mascarenhas shahararren mai wasan dabo ne a Goa, wanda ya faɗo daga sama yana tsakiyar wasa, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Shekara goma sha huɗu yana kwance. Daga kan gadonsa yake gabatar da shirin rediyo yana ƙarfafa wa mutane gwiwa, Sofia kuma, nas ɗin da ta shekara goma sha biyu tana jinyarsa, ita ce hannunsa da ƙafarsa. Rana ɗaya ya kira lauyarsa ya ce ta shigar masa da ƙara a kotu, yana neman a ba shi izinin mutuwa.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne wuraren da babu mai yin magana. Ƙuda ya sauka a kan hancin Ethan, ya yamutsa fuska, ya hura iska, ƙudan ya ƙi tashi, daga ƙarshe sai ya haƙura ya bar shi. Wani dare kuma rufin gidan ya fara yoyo daidai saitin goshinsa, ɗigo bayan ɗigo, ya yi ta kira babu mai ji, haka ya kwana har gari ya waye. Duk wanda ya taɓa zama kusa da wanda ba ya iya motsi ya san cewa a nan azabar take, a ƙaiƙayin da ba ka iya sosawa da matashin da ya goce ba ka iya gyarawa. Hrithik, wanda duniya ta sani da rawa, ya yi wannan wasa da ido da wuya kawai, kuma ya yi shi da kyau.

Matsalar tana farawa ne lokacin da fim ɗin ya koma kafa hujja. Da kotu ta zo ta zauna a gidansa, Ethan ya nemi lauyan gwamnati ya shiga wani akwatin dabo, aka kulle shi na daƙiƙa sittin. Mutumin ya fito yana haki, kamar zai shiɗe. Saƙon a fili yake: kai ka kasa jure minti ɗaya, ni na shekara goma sha huɗu. Mai kallo zai tafa, amma hujjar dabo ce kamar sauran wasanninsa. Lafiyayyen da aka jefa akwati ba zato ba tsammani firgita ce ke damunsa. Wanda ya shekara goma sha huɗu a kwance ya gina wata rayuwa a cikin halin da yake, da abokai da shirin rediyo da ɗalibi da mace mai sonsa, kuma fim ɗin da kansa ya nuna mana haka. Akwatin yana auna tsoron da masu lafiya ke yi wa naƙasa ne, shi ya sa da yawa daga masu fafutukar haƙƙin naƙasassu a Turai suke cikin masu adawa da irin wannan doka. Ƙudurin Birtaniyar ma ya faɗi a sarari cewa naƙasa ita kaɗai ba ta sa a kira mutum mai ciwon ajali. Bhansali ya gane wannan giɓi, sai ya sa likita ya shaida cewa kayan cikin Ethan sun fara gazawa, amma a idon mai kallo Ethan na nan da ƙyallin fata da murmushi har ƙarshe.

Kyau shi ne cutar wannan fim. Ɗakin jinyar Ethan ya fi ɗakin amarya tsari: labule masu nauyi, kyandira, tsofaffin hotuna, haske mai laushi ta taga. Sofia tana jinya cikin doguwar riga da jan baki kamar za ta biki. Ana gaya mana kuɗinsa sun ƙare, amma talaucin bai wuce yoyon rufi ba. Ba ka jin wari. Ba ka ganin gyambon kwanciya. Da kotu ta ƙi roƙonsa, Sofia ta ce ita za ta taimaka masa ko da za a ɗaure ta, suka yi aure, aka yi walimar ban kwana, kowa ya haye gado ya rungume shi ana dariya, aka rufe fim. Abin da fim ɗin ya kwashe sa'a biyu yana nema, bai yarda ya nuna mana shi ba.

Ba a cika wata huɗu da fitowar fim ɗin ba, ranar 7 ga Maris 2011, Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci a kan shari'ar gaske. Aruna Shanbaug nas ce a asibitin KEM da ke Mumbai. A 1973 wani ma'aikacin shara na asibitin ya yi mata fyaɗe ya shaƙe ta da sarƙa, ƙwaƙwalwarta ta lalace, ba ta sake sanin inda take ba. 'Yar jarida Pinki Virani ta roƙi kotu a daina ciyar da ita. Waɗanda suka tsaya kai da fata suka ce ba su yarda ba su ne nas-nas ɗin asibitin, waɗanda suka gaji jinyarta daga na gabansu, wasu ma ba a haife su ba lokacin da abin ya faru. Kotu ta yaba musu, ta ambaci cewa duk tsawon shekarun nan babu gyambon kwanciya ko ɗaya a jikinta. Ta ƙi roƙon, amma ta buɗe ƙofar janye na'ura ko magani daga wanda ba a sa ran farfaɗowarsa, bisa izinin babbar kotu. Aruna ta rasu a watan Mayun 2015, bayan kusan shekara 42 a kwance. Wanda ya san aikin jinya ya san me ake nufi da a ce babu gyambo: ana juya mutum duk bayan 'yan sa'o'i, dare da rana, ana wanke shi, ana busar da shi, ana canza zanen gado, shekara da shekaru. A ganina labarin da ya cancanci fim yana hannun matan nan masu juyi, kuma a Guzaarish an rage su zuwa kyakkyawar mace guda mai jan baki.

A nan gida, doka ta rufe ƙofar da Ethan ya ƙwanƙwasa. Kundin Penal Code na Arewa ya ɗauki taimaka wa mutum ya kashe kansa a matsayin laifi, kai, yunƙurin kashe kai ma laifi ne. A Zamfara an ƙara da Shari'ar Musulunci tun farkon 2000, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, kuma ban san malami ɗaya da ya halatta allurar mutuwa ba. Amma akwai bambance-bambance da mutane ba su cika sani ba. A 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da haƙƙin ƙin karɓar magani ko da hakan zai kai shi ga mutuwa. Wata mabiyar Shaidun Jehobah ce ta ƙi ƙarin jini ta rasu, aka tuhumi likitanta, kotu ta wanke shi. A 1986 kuma, a zamanta na Amman, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, ya halatta a cire na'urar numfashi. Malamai sun daɗe da raba kashe mutum da barin maganin da ba ya amfani, kuma rage wa mara lafiya raɗaɗi aiki ne na lada. Hadisin da ya hana fatan mutuwa saboda cuta ma ya bar wa wanda ya ƙosa mafita, ya miƙa zaɓin ga Allah, Ya raya shi ko Ya ɗauke shi gwargwadon wanda ya fi masa alheri. Addini bai yi kamar bai san mutum yana kaiwa wannan gaɓa ba.

Harshenmu ma ya sani. Idan jinya ta yi tsawo, za ka ji mai dubiya ya sassauta murya ya ce Allah Ya yanke wahala, kuma babu wanda zai tambaye shi ta wace hanya yake nufi. Idan an rasu, a ce ai ya huta. Wannan ita ce guzaarish ɗinmu, sai dai ba kotu muke kai ta ba.

Talata Mafara tana kusan tsakiyar hanyar Gusau da Sakkwato. Mutumin Mafara ko Bakura ko Maradun da ciwon daji ya kama, ko ƙodarsa ta gaza, tafiyarsa sananniya ce: kemis, asibitin gari, sannan Gusau, ko FMC ko Asibitin Yariman Bakura, sannan asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wani lokaci har Shika. Kowane zango da kuɗin mota, da na gwaji, da abincin mai jinya da ke kwana a baranda, a kan hanyar da matafiyi ke shiga da addu'a saboda 'yan bindiga. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. A sayar da tumaki, a jinginar da gonar da ke ƙarƙashin ruwan Bakalori, a yi karo-karo a zauren WhatsApp na dangi. Wankin ƙoda ana so a yi shi sau biyu ko uku a mako, sai a koma sau ɗaya, sai a koma duk ranar da aka samu. Sannan wata rana babban wa ya tara ƙanne a bakin asibiti, a yi shiru, wani ya ce a koma gida a gwada na Hausa. Kowa a wurin ya san ma'anar maganar. Babu likitoci biyu da suka sa hannu, babu kwamiti, kuma sau da yawa shi mara lafiyar ba a tambaye shi ba, ba a ma gaya masa sunan ciwonsa ba. Ba kisa ba ne wannan, kuma ba na kiransa haka. Amma hukunci ne a kan tsawon ran mutum, kuma ana yanke irinsa kullum a garuruwanmu ba tare da an taɓa yin muhawara a kansa ba.

Abin da ke biyo baya a gida shi ne ciwo. Maganin raɗaɗin ciwon daji mai tsanani sananne ne, mofin, kuma yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dole kowace ƙasa ta tanada. Ba shi da tsada. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa, kuma abin da Najeriya ke samu bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarta ba. A ƙasar da tiramadol ya cika tasha da lungu, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda matasa ke shansa, tsohuwa mai ciwon dajin mama tana kwana tana nishi a kan farasitamol. Tsoron shaye-shaye gaskiya ne, mun ga abin da ya yi wa ƙannenmu, amma wanda ke biyan kuɗin tsoron shi ne wanda ba zai ga damina ta gaba ba. Yuganda ba ta fi mu arziki ba. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Kampala a 1993, ta fara haɗa mofin na ruwa mai araha, kuma a 2004 ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, suna kai wa mutane har gida.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma akwai abin da muke ƙyama a aikin: allo mai maɓalli biyu wanda ɗaya ba ya aiki. Kana iya cewa ka ba mutum zaɓi, amma hanya ɗaya ka tura shi. Wannan ce hujja mafi nauyi da masu adawa suka kawo a majalisar Birtaniya, cewa muddin kulawar ƙarshen rayuwa ba ta wadata ba, izinin mutuwa zai zama matsi a kan talaka da wanda ke jin ya zama kaya ga iyalinsa. Suna faɗin haka ne a ƙasar da Cicely Saunders ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na zamani tun 1967. A Kanada, zuwa 2023, kusan mutuwa ɗaya cikin ashirin ta wannan hanya ce. Mu da muka cire maɓallin mutuwa gaba ɗaya, kuma na yarda da cire shi, nauyin da ke kanmu na gyara ɗayan ya fi nasu, domin mun ce wa mara lafiya hanya ɗaya ce tak, haƙuri.

To ina adabinmu a cikin wannan? Littattafan Hausa, na kasuwa da waɗanda ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, cike suke da masu ciwon ajali, amma kusan duka ciwo ɗaya suke yi. Jaruma ta yi tari, a ga jini a hankici. Likita ya cire tabarau ya kira Alhaji ofis. A nemi biza zuwa Indiya ko Misira ko Jamus. Sai a rubuta bayan wata uku. Sai ga ta a kan gado, ta rame amma ta ƙara haske, ta nemi gafarar kowa, ta bar wa ƙanwarta ko aminiyarta amanar miji da 'ya'ya, ta yi kalmar shahada da murmushi. Na fahimci dalilin: kowane Musulmi yana fatan cikawa da imani, kuma marubuci yana ba mai karatu abin da zuciyarsa ke so. Amma a yawancinsu mutuwar ma'aikaciya ce kawai, an ɗauke ta ta share hanya don auren da ke babi na gaba. Watanni ukun da aka tsallake da layi ɗaya su ne labarin. Bhansali ya rufe ciwo da kyandir da labule, mu mun rufe shi da biza da tsallaken lokaci, kuma shi aƙalla ya bar mana ƙudan da ɗigon ruwan.

Abin mamakin shi ne mafi yawan marubutan nan mata ne, kuma babu wanda ya san jinya kamar macen Bahaushe. Ita ke ɗaukar fo, ita ke wanke zanen da ya ɓaci kafin masu dubiya su iso, ita ke turara ɗaki don ɓoye warin miki, ita ke sanin lokacin da robar fitsari ta toshe. Ita ce ke jin maganar da mara lafiya ke yi ƙarfe uku na dare, wadda ba ya yi a gaban liman. Marubuciyar da za ta kwashe shafi biyar tana lissafa kayan lefe da yadda ake haɗa turaren wuta ta san waɗannan abubuwa dalla-dalla. Kunya ce ke hana ta, da tsoron a ce ta nuna mara lafiya yana raki, ko mai jinya ta gaji, kamar gajiya rashin imani ce. Tolstoy ya rubuta Mutuwar Ivan Ilyich a 1886, kuma abin da masu karatu ba sa mantawa shi ne Gerasim, baran gida, wanda ke kwashe bayan gidan maigidansa ba tare da yamutsa fuska ba, yana ɗora ƙafafunsa a kafaɗarsa tsawon dare saboda a haka ne kawai ciwon ke lafawa. Shi kaɗai ne a gidan ba ya yi masa ƙaryar cewa zai warke. Littafin bai rage darajar mai mutuwa da komai ba, kuma ƙarshensa ya fi kusa da abin da muke kira kyakkyawan ƙarshe fiye da walimar Ethan.

Ba ina neman a rubuta mana Guzaarish na Hausa ba, inda wani Alhaji zai kai ƙara kotun Shari'a ta Mafara yana neman allura. Ƙarya zai zama, babu mai yi. Akwai dai labaran da ke nan a ƙasa ba mai ɗauka. Akwai 'yar da aka cire daga Kwalejin Abdu Gusau zango ɗaya don ta yi jinyar mahaifinta, zangon ya zama shekara biyu. Akwai wan da ya ce a koma gida, wanda ƙannensa ba su sake kallonsa kamar da ba ko da yake dukkansu sun gyaɗa kai a ranar. Akwai nas ɗin unguwa da ake bugawa ƙofa tsakar dare, ta zo da allurar da ta san ba za ta yi komai ba, ta yi ta saboda kada ta tsaya hannu rabbana. Akwai kuma shi mai ciwon, wanda ya daɗe da gane abin da ake ɓoye masa, yana amsa sannu da cewa da sauƙi, yana so ya yi maganar bashi da gonar gado, amma duk sanda ya fara sai a ce masa ya daina irin wannan magana, zai tashi.